Farfesa Kushin Ya Shiga Talabijin

Allah ya yi mana gata a layinmu, ya ba mu masani ba tare da mun biya masa kuɗin makaranta ba. A wasu unguwannin sai mutum ya kunna rediyo kafin ya san dalilin da ya sa tukunyarsa ba ta tafasa. Mu kuwa gilmawa kawai za mu yi ta ƙofar shagon kujeru, bayani ya tare mu a hanya, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Mai shagon shi ne Farfesa Kushin. Ba wata jami'a ce ta ba shi farfesancin ba, 'yan layi ne suka laƙaba masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don bai ji dariyar da ke cikin sunan ba.

Sana'arsa haɗa kujerun kushin, kuma gaskiya ɗaya ce, kayansa suna da kyau. A gaba yana da ɗakin baje kaya mai tayil da fitilu. A tsakiya ofishinsa ne, inda sanyi ke busawa kamar cikin firji. A baya kuma rumfar kwano ce, nan kafintoci da masu ɗinkin yadi suke gasuwa daga safe zuwa yamma. Tsakanin ofis da rumfar akwai wata babbar tagar gilashi, wadda ya sa aka yi don ya riƙa ganin duk wanda ya ajiye guduma ya miƙe bayansa. Dokar shagon guda ce, kowa ya haddace ta: kujera ta sayarwa ce, ma'aikaci ba ya zama a kanta. Saboda haka mutanen da suka zaunar da rabin gari a kan laushi, a ƙasa suke cin abincinsu, cikin garin katako.

Ciwon boko ya kama shi ne ranar da ya ga Mai Taya a talabijin. Mai Taya maƙwabcinsa ne, kuma abokin gasarsa tun suna samari. An tare shi a bakin titi an tambaye shi tsadar kaya, ya yi 'yar magana da Turanci, aka rubuta "mai sharhi" a ƙarƙashin hotonsa. Ranar Farfesa bai ci abincin kirki ba. Ya rantse, har da dukan teburi, cewa shi ma sai an nuna shi, kuma sai an rubuta masa waɗannan kalmomi a ƙarƙashin haɓarsa, ko da abin da zai yi ke nan ya mutu.

Ya kafa talabijin a bangon ofis, ya kulle ta a tashar da ake sharhi kan tattalin arziki da Turanci. Duk kalmar da ta faɗo daga bakin masu kwat, sai ya cafke ta, ya nemo ma'anarta a waya, ya yi ta tauna ta har ta yi laushi. Ba kalmomin kaɗai ya kwaso ba, har da kayan haɗinsu. Ya lura masani ba ya amsa tambaya sai ya yi ajiyar zuciya, sai shi ma ya koyi ajiyar zuciya. Ya lura suna haɗa kawunan yatsu, ya koya. Ya lura suna cire tabarau in magana ta yi nauyi, sai ya sayo tabarau, alhali idonsa garau yake, don dai ya samu abin cirewa.

Gida aka fara ɗanɗana ilimin. Matarsa ta ce man girki ya ƙare. Farfesa ya yi ajiyar zuciya, ya haɗa yatsu.

"Wel, wannan ba ƙarewar mai ba ce, infileshan ne. Wato kuɗi suna gudu, kaya sun riga su gudu. Focasin fawa ɗinki ne ya faɗi, wato ƙarfin saye. In kin fahimci wannan, kin fahimci komai."

Ta ce ta fahimta, amma tukunya ba ta fahimta ba, ya kawo kuɗin mai.

Da ya ga gida ba a san darajar ilimi ba, sai ya koma kan ma'aikatansa, waɗanda ba su da damar tashi su bar wurin. Lokacin cin abincin rana ya zama lokacin darasi. Yakan tsaya a bakin ƙofar ofis, inda sanyi ke dukan bayansa, su kuma suna tsaye da kwanukansu a hannu.

"Ku maimaita: inikwaliti. A'a, da ƙarfi! Inikwaliti, wato wani a sama, wani a ƙasa. Duniya ta lalace, jama'a. Mutum ɗaya ya tattare komai, sauran suna lasar leɓe. Kai, ɗaga gwiwar hannunka daga kujerar nan, ta sayarwa ce! Sai kuma esfuloteshan. Shi ne ka tatsi gumin talaka ka bar shi da ƙishirwa. Wallahi in na tuna masu irin wannan hali, har zazzaɓi nake ji. To, lokaci ya yi, kowa ya koma bakin aiki."

Kada mai karatu ya ɗauka munafunci yake yi. Da munafunci ne da abin ya zo da sauƙi. Har zuciyarsa yake ƙin azzaluman nan, sai dai a tunaninsa duk a ƙasashen waje suke, suna da jiragen sama, kuma ba sa sayar da kujeru. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ya yi ta buga wa gidan talabijin waya har masu ɗauka suka gane muryarsa. Kullum amsar ɗaya ce, za a neme shi. Yana gab da fid da rai sai ga wata 'yar jarida ta shigo layin, da mai kyamara a bayanta. Shago shago take bi tana neman izinin ɗaukar hoto, don wani shiri da suke haɗawa kan tazarar da ke tsakanin masu hali da masu yi musu aiki. Duk mai shagon da ya ji haka sai ya tuna yana da uzuri a wani wuri, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Farfesa kuwa da gudu ya fito, takalmi ƙafa ɗaya.

Baiwar Allah ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce suna da masana a ɗakin shiri, abin da suke so kawai su ga wurin aiki yadda yake. A cikin duk maganarta, kalmar "masana" ce kaɗai ta shiga kunnensa.

Ya sa kwat, ya ɗaure wuya. Ya sa kafintoci suka ciccibo kujerar da ta fi kowacce girma, mai ruwan gwal a hannuwa, suka shigar da ita ofis suna nishi. Mai kyamara ya so a ajiye ta jikin bango. Farfesa ya ce sam, a gaban tagar gilashi za a sa ta, don duniya ta ga yawan mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Mai kyamara ya dubi 'yar jarida, ita ma ta dube shi, babu wanda ya yi musu.

Sai ya buɗe famfo. Ya yi ajiyar zuciya, ya haɗa yatsu, ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Ya zagi kafitalizim, wato jari-hujja, ya yi wa midil kilas, wato masu matsakaicin hali, ta'aziyya, ya gargaɗi manyan duniya cewa haƙurin talaka yana da iyaka. Duk abin da ya tara a cikinsa ya juye shi, har 'yar jarida ta samu ɗan sarari tsakanin numfashi biyu ta ce, "Mun gode, Yallaɓai."

A iya nazarin da Farfesa ya yi wa talabijin, hoto yana ƙarewa ne a daidai inda masani ya rufe baki. Bai taɓa ganin abin da ke biyo baya ba, don haka ya ɗauka babu shi. Ya sassauta ɗaurin wuya, ya buɗe kwalbar lemo mai raɓa, ya waiwaya. Ta cikin gilashi ya hango tsohon da ke ɗinka masa yadi, mai ciwon gwiwa, ya ɗan ɗosana a gefen wata sabuwar kujera da kwanonsa a cinya. Farfesa ya ƙwanƙwasa gilashin da gindin kwalba, ya nuna masa ƙasa da yatsa. Tsohon ya dafa, ya zame a hankali, ya zauna cikin garin katako. Mai kyamara kuwa bai sauke kyamararsa ba.

Ranar da za a nuna shirin, tun la'asar aka share ɗakin baje kaya, aka girke babbar talabijin. Ya gayyaci 'yan layi kaf. Mai Taya ya samu kujerar gaba, don ya gani da kyau ya ƙone. Aka ɗauko Gwaggon Farfesa a mota, tsohuwar da ta raine shi, wadda ba ta san ko "kam", wato zo, da Turanci ba. Baƙi suka zauna a kan kujerun da ba a cire wa leda ba, ma'aikata suka jeru a tsaye jikin bango.

"Jama'a," in ji Farfesa, "shirin da Turanci ne, kuma Turancin manya. Amma kada kowa ya damu. Ni zan fassara muku, kalma bayan kalma, ba zan tsallake ko ɗaya ba."

Aka fara. Wata mata mai furfura da wani mai tabarau na gaske suka yi ta magana a ɗakin shiri. Farfesa yana gyaɗa kai, kamar mai duba aikin ɗalibansa. Can sai ga ƙofar shagonsa. Ya miƙe zumbur.

"Ga ni nan! Kowa ya yi shiru!"

Shi ne kuwa, a kan kujerar gwal. Baki yana motsi, yatsu suna haɗuwa, tabarau yana sauka yana hawa. Sai dai babu muryarsa ko kaɗan. Muryar matar nan mai furfura ce take tafiya a kan hotonsa. Rubutu ya fito a ƙarƙashin haɓarsa kamar yadda ya yi fata, amma abin da aka rubuta shi ne "wani mai shago". Sannan hoton ya wuce kafaɗarsa, ya ratsa gilashi. Ga gindin kwalba yana dukan taga, ga yatsa yana nuna ƙasa, ga tsoho yana zamewa da kwanonsa, kujeru sun kewaye shi babu kowa a kansu.

Matar ba ta ɗaga murya ba. A natse take ajiye kalmomin ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda Farfesa ya sha wahala a kansu. Da bara aka nuna shirin nan, da ya yi ta murmushi har ƙarshe, ya tafa, ya raba lemo. Amma mutum ne da ya yi karatu tsakaninsa da Allah, ko kalma ɗaya ba ta wuce shi ba. A jikin bango kuma leɓunan ma'aikata suna motsi a hankali, suna bin matar, don malaminsu bai yi musu ha'inci ba. Na ji tausayinsa a lokacin, amma tausayin bai daɗe ba.

Aka shiga talla. Baƙi suka gyara zama, leda tana ƙara. Mai Taya ya yi gyaran murya.

"To, Farfesa, muna jiran fassara."

Farfesa ya kai hannu zai cire tabarau, ya tarar tuni yana hannunsa. Ya dubi tayil, ya dubi silin. Gumi ya jiƙa wuyan kwat.

"Turancin nan nasu," ya ce da wata 'yar murya, "ya yi sauri da yawa. Ban kama ba."

Gwaggo ta jawo sandarta, ta yunƙura ta miƙe.

"Bar shi, ɗan nan, kada ka wahalar da kanka. Ai hoton da Hausa suka ɗauke shi."