Yadda Za Ka Zama Makaɗi Ba Tare da Kanta a Hannu Ba

Ni ne Abdulbaqi mai kayan sauti, shagona yana unguwar Wunti, bayan layin teloli. Na daɗe ina sayar wa makaɗa kaya, ban kuma taɓa buga ko gwangwanin madara ba, shi ya sa shawarata ba ta da son kai. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, kafin wata ya mutu za a riƙa nuna ka da baki a cikin keke ana cewa ga makaɗin nan. Shaidata ita ce ɗalibina Elias, wanda yanzu duk Tirwun babu wanda bai san sunansa ba.

Mataki na 1: Ka fara faɗa, iyawa ta biyo baya

Elias tela ne a Gwallaga, yaro mai kunya, yana kuma mutuwar son wata yarinya, Phoebe. Uwarta ita ce Mama Cecilia, shugabar zumuntar mata a cocinsu na Tirwun, macen da ko fasto yakan gyara zama in ta yi gyaran murya. Ranar da ya je gaishe ta, ta tambaye shi abin da ya iya bayan ɗinki. Bakinsa ya suɓuce ya ce kiɗa, alhali iyakar iliminsa shi ne ɗan dukan tulu da ya yi a gefen kakarsa yana yaro a ƙauye.

Mama ta ce, "To, madalla. Babban taronmu na zuwa, ka zo ka kaɗa mana. Namijin da ya iya bin mata a waƙa, shi zan ba 'yata."

Kai ma haka za ka yi. Ka ɗaure kanka da bakinka tukuna, sannan ka nufo shagona da gudu kamar yadda ya yi.

Mataki na 2: Ka guji fata

Gangar fata masifa ce. Da damina ta yi sanyi sai an kai ta rana, in ta fashe sai an nemo akuya, ga nauyi, ga maƙwabta. Abin da ya dace da kai shi ne gangar lantarki: faifai ne mai faɗin tire, an shimfiɗa masa roba gida-gida, kowane gida da muryarsa. Akwai kalangu a ciki, akwai kuge, akwai gangar Turawa, har da tafi. Za ka saƙale ta a hammata ka hau acaɓa. In ka sa abin ji a kunne, sai ka yini kana duka, mai gidan haya bai san ana yi ba.

Mataki na 3: Kada ka saurari hannunka

Da ka fara bugawa hannunka zai kawo ƙara. Na Elias ma ya kawo. Ya doki robar nan, ya sake doka, ya ɗago ya ce, "Alhaji, abin nan kamar ina dukan silifa. Tulun kakata in ka taɓa baki magana daban, in ka taɓa ciki magana daban. Wannan ko'ina na doka abu ɗaya take faɗa."

Na ce masa, "Kai da kake shirin aure, ka samu mai magana ɗaya kana ƙorafi?"

Ya zaro kuɗi, ya biya. Ka lura, ilimi ba ya bukatar dogon bayani.

Mataki na 4: Jan maɓalli

Nan ne sirrin yake, ka matso. A gefen hagu akwai wani jan maɓalli. In ka danna shi, injin zai saki kiɗan da aka zuba masa tun daga masana'anta, tsaf, babu tuntuɓe, babu gajiya. Sai ka murɗe muryar robar ta mutu gaba ɗaya, yadda duk shirmen da sandunanka suka yi ba zai fita a lasifika ba. Injin na kiɗa, kai kana motsi. Wannan shi ake kira rabon aiki, kuma a kansa ofisoshi da yawa suke tafiya lafiya.

Mataki na 5: Gumi da fuska

Jama'a da ido suke jin kiɗa. Don haka ka rataya tawul a wuya, ka cije leɓe, ka riƙa girgiza kai kamar wanda ya tauna barkono. Mafi muhimmanci, ka rufe ido. Babban makaɗi ba ya kallon kowa.

Elias ya gwada wannan a wajen matasan coci, aka yi ta ihu. Phoebe ta ɗauke shi a waya ta tura wa ƙawayenta. Washegari ya shigo shago yana tafiya kamar an ba shi kwangilar ɗinkin 'yan sanda. Gaskiya na ji daɗi, don uku daga cikin matasan sun zo tambayar kuɗin faifai.

Mataki na 6: Kada ka je gwaji

Mama Cecilia ta yi ta aike cewa ya zo ya gwada da mata kafin ranar. Na hana shi. A wurin gwaji ana zama kusa da kai, ana leƙen yatsunka. Ka ce ɗinki ya yi maka yawa, ka ce zazzaɓi, ka ce injin na caji. Da ya nuna damuwa na ce masa waƙa dai waƙa ce, mu Hausawa cewa muke in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, don haka su matan ne za su bi shi.

Mataki na 7: Ranar taro

Ni na kai musu hayar lasifika, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani. Fili ya cika da mata, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. An kawar da matan da suka saba kaɗa musu tulu gefe, an kafa wa Elias teburi a gaba. Mama Cecilia ta ba da waƙa, mata suka amsa, Elias ya danna ja ya rufe ido. Wallahi abin ya zauna. Phoebe sai washe baki take tana taɓa ta kusa da ita.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, matan zumunta ba sa bin kiɗa, kiɗa ne ke bin su. In mai ba da waƙa ta iso baitin da ya taɓa mata zuciya, sai ta ja shi a hankali, ta maimaita, ta ƙara ja, wani lokaci ta tsaya cak ta ɗaga hannu a yi tsit. Masu tulu a kafaɗarta suke karanta wannan. Inji kuwa ba ya kallon kafaɗa.

Mama ta fara ja, inji ya ci gaba da sukuwa. Ta waiwayo, makaɗi ido a rufe. Ta ɗaga hannu, fili ya yi tsit. Elias ya buɗe ido, ya ga kowa ya sunkuyar da kai, ladabi ya kama shi, ya ɗaga sandunan nan biyu sama. Kiɗa bai fasa ba. Ya kai hannu a gigice zai kashe, ya danna na kusa da shi, lasifikata ta ɓarke da tafi raf-raf-raf a tsakiyar addu'a.

Shawarata a nan: ka haddace inda maɓallin kashewa yake. Da na sa shi a mataki na huɗu, mantawa na yi.

Mataki na 8: In ta kwaɓe

Ka tsaya a inda kake, don gudu ba ya yiwuwa a cikin mata masu yawa haka. Mama Cecilia ta tako a hankali ta zare wayar injin. Phoebe ta rufe fuska da ɗankwali. Mama ta karɓi tulu daga hannun wata tsohuwa ta dire shi a gaban Elias.

Ta ce, "Ɗana, injin ya gama nasa, har ya tafa wa kansa. Saura kai."

Ya durƙusa. Bugun farko ya fito kamar an yar da kwano. Mama ta sake ɗaukar baitin, shi kuma ya kafa wa kafaɗarta ido kamar ransa na rataye a can. Ta ja, ya ja. Ta tsaya, ya tsaya. Can sai hannun kakarsa ya fara dawo masa, tulun ya soma wannan gurnani mai shiga ciki, mata suka ɗauka gaba ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, tsikar jikina ta tashi, haushi kuma ya kama ni, don tulun ba a shagona aka saye shi ba.

Da aka tashi tafin hannunsa ya yi jajir ya kumbura. Mama ta kama ta duba, ta ce, "Ƙarya ka yi mini, wannan ɗaya. Amma ka kalli kafaɗata, wannan biyu. Za ka riƙa zuwa gwaji kana zama cikin mata har hannun nan ya yi kanta. Ranar da ya yi, ka turo iyayenka."

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk wata kunya, kumburi ko fasa aure da za ta biyo bayan bin shawararsa, kuma kayan da ya bar shago ya bar shi ke nan. Duk da haka a shaida, tsarina yana aiki: Elias ya yi suna, hannu ya yi kanta, an sa rana. Faifan ma bai tashi a banza ba, yana Tirwun ana ɗora tulu a kansa don kada siminti ya fasa shi, Mama Cecilia da bakinta ta ce roba ce mai kyau. Sai dai an ce ta tambayi sunan wanda ya koya wa surukinta rufe ido. In ka ga wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa ta sauka daga keke a Wunti tana neman mai lasifika, ka ce mata na koma Gombe.