Yaƙin Matauni, ko Yadda Gagara-Sammaci Ya Hau Rumbu

Da sunan wanda ya halicci haƙori, ya kuma halicci abin da ke cin sa, muke buɗe wannan babi. Bayan haka, a gyara zama, a feƙe alƙalami, domin za a ambaci Mai Girma Alhaji Cindo, ɗan Tanimu mai awon gero, ɗan Nomau wanda ya sari dajin Tungar Nomau da gatarin aro, ɗan Jatau wanda masana tarihi suka yi ittifaƙin bai taɓa gudu daga fagen fama ba, saboda bai taɓa zuwa ba. Shi ne tsohon gwamnan jihar Kwarin Ɗinya, Garkuwan Talakawa a bakin 'yan amshin shata, ma'abucin almakashin zinare, sadaukin yanka ƙyalle, wanda don tsananin himmarsa ya buɗe makarantu da asibitoci tun kafin a gama gina su. Sanƙiransa, Ilu Mai Baki, kan cika masa da cewa: "Gagara-sammaci na Tasalla! Toron giwa, ka wuce tarkon ɓera!"

Wannan kirari yana da asali, kuma wajibi ne a faɗe shi. A zamanin mulkinsa, in tari ya kama Mai Girma sai ƙasar Turawa, in mura ce sai ƙasar Turawa, har ya zamana ya sayi gidaje a can don kada ya riƙa takura wa masu masauki. Da ya sauka daga mulki ya je duba lafiyarsa, sai wata kotu mai shisshigi ta tare shi, ta ce ya yi bayanin yadda albashin gwamna ya haifi waɗannan gidaje. Aka ba da belinsa. Ranar wata Juma'a ya ce wa masu gadinsa zai je masallaci ya dawo, kuma har yau da nake rubutun nan bai idar ba. Kotu ta fusata, ta aika da sammaci ga dukkan ƙasashen da suka yi alkawarin miƙa mata masu laifi. Ƙasarsa ba ta cikinsu. Ƙasar da ke maƙwabtaka da ita kuwa tana ciki tsundum.

Sai Mai Girma ya yi hijira zuwa Tungar Nomau, garin kakansa, ya kafa ribaɗi a tsohon gidan gado da ya yi wa bene. Garin yana bakin iyaka. Daga tagar benen yana hango 'yar gadar da ke kan rafi, da igiyar da aka gitta a ƙarshenta, da jandarma ɗaya a zaune kan benci yana korar ƙuda. Taku ɗaya bayan igiyar nan, sai ankwa da jirgi da alƙali mai gashin doki. Don haka ya shelanta wa duniya cewa kishin ƙasa ya hana shi fita waje. Ɗaurin auren 'ya'yan abokai ya tura wakili, taron tsofaffin gwamnoni ya tura uzuri. Abin da ya rage masa na tafiye-tafiyen da, shi ne haƙorin Makka da ke walƙiya a gaban bakinsa, wanda yake nunawa duk lokacin da ya yi murmushi, kuma yana yawan murmushi saboda shi.

Amma abokin gaba bai zo ta gada ba. Wata hantsi, Mai Girma yana kishingiɗe yana fafatawa da kilishi, sai wani matauni na can ƙuryar hagu, wanda ya yi shekaru yana cin arziki tare da shi, ya yi tawaye. Ya fara da tsikari, ya koma suka, kafin azahar ya tura rundunarsa ta mamaye kunci, ta haura kunne, ta kafa tuta a tsakiyar ka. Fuskar da aka taɓa bugawa a kan atamfa ta kumbura gefe ɗaya kamar an ɓoye goruba a ciki.

Ba a san shi da ragwanta ba, sai ya tara mayaƙa. Aka fara tura kanumfari, aka karya shi. Aka tura ruwan gishiri da jar kanwa, suka dawo ba ganima. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka ɗaure muƙamuƙi da rawani. Duk a banza. Mai Girma ya kai ga yin nishin da ke tsorata kajin gida, Ilu Mai Baki kuwa yana tsaye a zaure yana fassara wa masu gaisuwa cewa zaki ne ke gurnani.

Sai ya tuna cewa shi da kansa ya taɓa buɗe babban asibiti a Tungar Nomau, har da sashen haƙori. Aka ja zuga aka nufi can. Allon da ke ɗauke da sunansa yana nan daram, da haruffan tagulla, ba abin da ya same shi. Abin da babu shi ne rufi, da ƙofa, da likita. A ɗakin da aka rubuta wa sashen haƙori suka tarar da akuya tana tuƙa, ta dube su da haƙoranta lafiyayyu, ba ta ko tashi ba. Mai Girma ya ce laifin gwamnatin da ta gaje shi ne, aka juyo.

A hanyar dawowa ne uwargidansa, Hajiya Tasalla, wadda ita kaɗai ba ta tsoron gurnaninsa, ta ce: "Alhaji, ga likitar haƙori can ƙetaren gada, Dakta Sahura. Daga tagarka ana ganin rufin asibitinta. Mutanen garin nan duk can suke zuwa."

Ya dube ta da idon da bai kumbura ba, ya ce shi da wannan gada har abada. Sai dai ciwo ba ya jin kirari. Washegari da safe, bayan matauni ya sake sabon farmaki, Mai Girma ya yi shirin da ba a taɓa gani ba tun zamanin Jatau: ya sa babbar riga mai aska takwas a matsayin sulke, ya naɗe fuska da rawani har idanu kaɗai suka rage, ya ɗora baƙin tabarau a kansu, ya riƙe sanda, ya tasam ma gada, Ilu yana gaba yana tsaga iska da kirari, wanda hakan ya ɗan rage amfanin ɓad da kamar. Mata masu tallar nono suka ratse. Masu babur suka tsaya kallo. Ya taka gadar, ya ci rabinta, har ya fara jin ƙamshin maganin asibiti. Nan jandarman nan ya miƙe daga bencinsa, ya ɗaga hannu.

Masana sun yi saɓani a kan wannan hannu. Wasu sun ce gaisuwa ce, wasu sun ce miƙa yake yi. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai Girma ya juya ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya bar takalmi ɗaya a fagen daga, bai tsaya ba sai a bene. Ilu ya iso daga baya yana haki, ya sanar da jama'a cewa an je leƙen asirin abokan gaba, an kuma dawo da nasara. Daga ranar Mai Girma ya kafa doka: duk wanda ya fito daga ƙetaren gada, ko mai sayar da gishiri ne, kada ya taka masa ƙofar gida.

Hajiya Tasalla ta ji dokar, ta ce to. Ta kuma aika wa Dakta Sahura a ɓoye cewa don Allah ta zo da kayan aikinta, dattijo ne ba ya iya tafiya.

Ranar babban gumurzu, da la'asar sakaliya, Mai Girma yana kwance a bene da tsumma mai ɗumi a kunci, sai ya ji tsayuwar mota. Ya leƙa. Lambar motar ta ƙetare ce. Maza biyu suka fito cikin kaya iri ɗaya, ɗaya riƙe da akwatin ƙarfe yana ƙara kacau-kacau, sannan wata mace mai tabarau. Ashe Dakta Sahura tana da wata al'ada da duk marasa lafiyarta suka sani: ba ta kiran ruɓaɓɓen haƙori da sunansa, sai dai mai laifi. Mai Girma kuwa bai taɓa zama marar lafiyarta ba. Daga tsakar gida muryarta ta hau bene tar:

"Hajiya, ina mai laifin yake? Yau dai kwanansa ya ƙare."

"Yana sama, Dakta," in ji Hajiya Tasalla. Sai dai don firgita, kalmar Dakta ba ta shiga kunnen Mai Girma ba. "Wallahi ya hana kowa sakat a gidan nan. Ku fitar mana da shi mu huta."

"Kada ki damu. Ko ya so ko ya ƙi, da shi zan koma."

Na rantse, ko maƙiyinsa ya ga fuskarsa a lokacin sai ya tausaya masa. Matar da ya aura tun yana malamin makaranta, ita ce ta sayar da shi! Ya so ya yi kuka, amma lokaci bai ba shi dama ba. Ya kurma kabbara, ya bi matakalar baya, ya ratsa madafa ya ture tukunyar miya, ya tarwatsa rundunar zabi, ya tsallake turmi da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ya isa bayan gida inda tsohon rumbun kakansa Nomau yake tsaye da tsani a jingine. Ya hau, ya ture hular rumbun, ya zura ƙafafu a bakin da ke sama, ya saki jiki domin ya ɓace cikin gero.

Nomau ya gina rumbun ne daidai jikin mutanen zamaninsa, waɗanda ba su taɓa yin gwamna ba. Ƙafafu suka shige, cinyoyi suka shige, tumbi ya ce shi nan ya tsaya. Garin fizga, Mai Girma ya duƙa ya daki bakin rumbun da baki, haƙorin Makka ya yi tsalle ya faɗa bayan danga, inda har yau ba a gan shi ba, ko da yake ana zargin wani zakara. Haka rundunar ƙetare ta same shi, rabi a ciki rabi a waje, hannuwa sama, yana ihu:

"Ba ni zuwa! Wallahi ba ni zuwa! A kira mini lauya!"

Dakta Sahura ta dubi Hajiya, Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Likitar ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta hau tsani, ta ce: "Ranka ya daɗe, ba inda za ka. Tun da bakin a buɗe yake, bar shi haka." Ta soka allurar kashe zafi, ma'aikacinta ya miƙo mata awartaki daga akwatin nan mai kacau-kacau, ta kama, ta murɗa, ta ja. Mataunin da ya gagari kanumfari da rubutu ya fito, baƙi, ƙanƙane, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta jefa shi a 'yar kwalba ta ɗaga masa.

"Ga mai laifin."

Sai a lokacin ya gane. Ilu Mai Baki kuwa, da ya tabbatar ba kama mutane ake yi ba, ya fito daga bayan akurki ya ɗaga murya: "Gagara-sammaci! Kai ka hau rumbu ka yi yaƙi daga sama!" Aka kawo man gyaɗa aka shafe tumbin, ƙarti suka ja, aka zaro Mai Girma da gero a aljihu.

Kafin ta tafi ya tambaye ta, cikin sabuwar muryarsa mai fito ta giɓi, ko za ta iya mayar masa da haƙorin gaba. Ta ce sosai ma, sai dai wannan aikin sai a kan kujera, da injin da ba ya ɗaukuwa. "Ka taka ka zo, ranka ya daɗe, ga gadar nan. Ni ma 'yar garin nan ce. Da asibitin da ka buɗe yana da kujera, ai da a gida zan yi maka." Mai Girma ya ce zai duba lokacinsa.

Da yamma motar ta hau gada da kwalbar a gaban direba, kuma wannan matauni shi ne kaɗai ɓangaren jikin Alhaji Cindo da aka taɓa miƙa wa wata ƙasa. Ilu ya raka su har igiya domin ya ga yadda za a karɓi fursunan. Jandarma ya leƙa motar, ya ga kwalba, ya tambayi na wane ne. Ilu ya cika ƙirji ya zayyano sunan tun daga Cindo har Jatau, da muƙami da kirari, bai rage komai ba. Jandarman ya sosa ƙeya.

"Wane ne kuma haka?" ya ce, ya saki igiya.

Da labarin ya isa bene, waɗanda suke wurin sun ce ko ranar da matauni ya fi tsananta ba su ga idon Mai Girma ya kawo ruwa haka ba. Can ya ce: "Dabara ce. Sun san ni sarai." Ilu ya ce ƙwarai kuwa, duk duniya ta san shi.

Har yanzu yana nan a bakin taga. Ya daina murmushi, yana kallon gada yana zura harshe a giɓi. Takalminsa ɗaya da ya bari kuwa jandarman ya tsince shi, da shi yake tokare ƙafar bencinsa da ke girgiɗi.