Gungumen Alhaji Lirwanu Ya Sha Zuma

Duk wanda ya ce Bodinga ba ta ci gaba ba, to bai taɓa shiga ofishin Alhaji Lirwanu ba. Ofis na ce, ba shago ba, don shi da kansa ya hana a ce shago tun ranar da ya rataya labule. Dillalin albasa ne, amma irin dillalin da ba ya taɓa albasa da hannu, da tsinin takalmi yake nuna buhu. Allah ya yi masa baiwar sanin komai. Ko haihuwa aka yi a gidanka ka zo gaya masa, zai ce dama ya sani. Shi ya sa mutanen kasuwa, saboda tsabar girmamawa, suke kiransa Alhaji Kafin-a-faɗa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar shugaban ƙungiyar dillalan albasa ta Bodinga da Shagari. Sau biyu yana nema, sau biyu tana kuɓuce masa, abin kuma yana ci masa rai ƙwarai. Kowa ya san ba ƙuri'a ke ba da kujerar nan ba. Akwai wani tsoho a Shagari, Baba Abdulaziz, wanda ya fara kai albasa kudu tun ba a haifi rabin 'yan ƙungiyar ba. Inda ya gyaɗa kai, nan hannuwa ke tashi. Bana kuwa ana raɗe-raɗin zai gyaɗa wa Maniru, wani mutum marar yawan magana wanda ko labule ba shi da shi.

Ana cikin haka wani gungume ya iso. Alhaji ya gan shi a waya, ya sa aka aiko masa daga ƙasar waje. Ɗan guntun itace ne da aka sassaƙa da hannu, tsayinsa bai wuce turmin dakan yaji ba, da ƙarfe a tsakiya da waya a gindi. Idan aka jona shi da wuta sai ƙarfen ya yi zafi, a zuba busasshen ganye a wani bututun gilashi, a kara a kan ƙarfen, a zuƙi tururin. Alhaji ya ɗora shi a tsakiyar tebur, ya ture kalkuleta gefe, ya tara jama'a.

"Wanga abu da kuka gani, bafaraiza sunanai," in ji shi. "Ba ya ƙona ganye, lallashinai shika yi har shi ba da abin da ke cikinai. Ku da kunka saba da kasko da garwashi, sai a hankali."

Wani dattijo ya tambaya, cikin ladabi, ko irin ganyen nan ne na 'yan tasha. Alhaji ya yi tsaki, ya zaro ledar na'ana'a ya nuna wa kowa, ya ce jahilci ya fi hauka ciwo.

Sai dai wani ɗan ƙaramin cikas. Taransifomar unguwar ta ƙone tun gungumen yana hanya. Makonni shida ke nan bai taɓa ɗanɗana wuta ba. Amma babban mutum ba ya rasa abin yi. Alhaji ya duƙufa kan kula da shi, kamar yadda takardar da ta zo da shi ta tanada: a goge bututu, a kakkaɓe 'yar ragar da ke ciki, a riƙa shafa wa itacen kakin zuma don kada ya tsage. A nan ne basirar Alhaji ta nuna kanta.

"Kaki?" ya ce wa matarsa Ruƙayyatu. "Kaki ai tuƙar zuma na, abin zubarwa. Bature ya rubuta kaki don talakkawan garinsu. Mu da Allah yab ba hali, zuma tsantsa za mu shahwa."

"Alhaji, ko akushi man kaɗe aka shahwa mai," in ji ta. "Zaƙi kiran baƙi na."

"Ke mi kinka sani game da kimiyya?"

Ta ce ba ta san komai ba, ta koma ga tukunyarta.

Aka aiko da zuma daga Dingyadi, farar saƙa, wadda ba a sirka ba. Kowace Juma'a Alhaji yakan naɗe hannun riga ya shafe gungumen tas, har ya ɗiga kaɗan cikin ƙofofin iskar da ke jikinsa, domin a cewarsa gyaran ciki ya fi na waje. Gungume ya yi ƙyalli. Wata safiya aka nuna masa layin cinnaku suna hawa ƙafar tebur. Ya ce wannan shaida ce zumar ta asali ce, kuma dama ya sani.

Kwana huɗu kafin zaɓe, ruwan Agusta ya daki Baba Abdulaziz a gona, mura ta kama shi, hanci ya toshe. Alhaji ya ga dama ta zo har ƙofar gida. Ya ɗauko hayar janareta, ya zaunar da gungumen a kujerar gaba ya ɗaura masa bel, ya kama hanyar Shagari.

Ya tarar da zauren Baba cike da 'yan ƙungiya masu dubiya. Maniru na gefe, da damin ganyen darbejiya da ya kawo don a yi wa tsoho sirace, wato a dafa ganye a lulluɓa da bargo a shaƙi tururi. Alhaji ya dubi damin, ya tambaya ko akuyar wa za a ba.

"Ranka shi daɗe, Baba, yau ka rabu da mura," ya ce bayan ya durƙusa ya yi gaisuwa. "Na zo maka da asibiti sukutum."

Aka tayar da janareta, aka jona. Baba ya zura ido yana jira.

"Ina hayaƙin?"

"Ba ya hayaƙi, Allah shi ba ka nasara. Tururi na zalla."

"Tururi? To ai sirace na. Ku kawo bargo."

Nan fa. Takarda ta ce bututu ake sawa a baki, kuma Alhaji ya karanta. Amma ka ce wa Baba Abdulaziz ya yi kuskure gaban jama'a, kwana huɗu kafin zaɓe? Sai Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Haka Turawa ka yi, Baba. Dama abin da ni ka shirin hwaɗi ke nan."

"To shigo ka gwada min."

Aka lulluɓe manyan mutane biyu da gungume ɗaya cikin bargo. Can sai ƙamshin alewa ya fara fitowa, wasu suka ce ma sha Allah.

Su kuwa cinnaku, makonni shida suna zaune cikin gidan da ake kawo musu abinci har ɗaka kowace Juma'a. Sun yi aure a ciki, sun hayayyafa. Ba wanda ya ba su sanarwar tashi. Da ƙarfe ya ɗau zafi, sai suka fito gaba ɗaya, da tsofaffi da jarirai, suka nemi mafaka mafi kusa.

Bargo ya motsa. Ya sake motsawa. Sai ga Baba Abdulaziz, mutumin da shekara goma sai an kama shi yake tashi, ya yi tsalle ɗaya ya dira a bakin ƙofa, yana salati yana tuɓe riga. Ya yi atishawa uku a jere.

"Kun gani ko!" in ji Alhaji daga cikin bargo. "Hanci ya buɗe! Aiki na shika..."

Bai ƙarasa ba. Runduna ta biyu ta bi ta ƙafar wandonsa. Alhaji ya fito yana wata irin rawa da ba a taɓa gani ba a ƙasar Shagari, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. 'Yan ƙungiya mutanen kirki ne, ba wanda ya yi dariya. Kowa dai ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗu na rawa.

Baba ya tsaya yana susa, yana kallon mai asibiti yana marin cinyoyinsa.

"Cinnaka, ba ka san na gida ba," ya ce. Sannan ya juya wajen mai damin darbejiya. "Maniru, sa a aza ruwa." Ya gyaɗa masa kai, kuma kowa ya ga gyaɗawar.

Gungumen yana nan lafiya. Ruƙayyatu ta kankare shi, ta shanya a inuwa, ta shafa masa man kaɗe, yanzu shi ke tokare ƙofar madafa idan iska ta taso. Ran zaɓe aka zo aka gaya wa Alhaji cewa Maniru ya ci, shi kuma ya samu ƙuri'a ɗaya. Yana kwance rub da ciki, don har lokacin zama bai yiwuwa. Ya ɗago kai ya ce dama ya sani.