Gadon Baba Muntaka Ya Tsaya a Ƙofar Gida

A kwance nake rubuto muku wannan, jama'a, rigingine a kan tabarma, uwargida Hind na tsaye a kaina da man zafi tana yi mini kallon wanda ya jawo wa kansa. Bayana ne ya riƙe. Kuma ba wajen neman abinci ya riƙe ba, wajen karɓar tallafin gwamnati ne, tallafin ma ba nawa ba.

A tsohon benen da muke haya a unguwar Ruwais, nan ƙasa mai tsarki, mu ne a hawa na huɗu. A ƙasanmu akwai Khairiyya da mahaifinta Baba Muntaka, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ƙaton mutum, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekaru da dama. Ta bar aikin ɗinkinta ta zauna da shi. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Yarinyar da aka yi sunanta a gabana, yau in za ta sauko bene sai ta dafa bango. Abu ɗaya ke riƙe da ita: wata ma'aikaciya da masu tallafa wa masu jinya ke turo mata sau biyu a mako, su kama su yi wa Baba wanka. Ranakun nan ne kawai bayan Khairiyya ke shan iska.

Ta daɗe da neman gadon asibiti, irin mai maɓallin nan da ke tayar da mutum zaune, ta jira har ta fitar da rai. Shekaranjiya da hantsi sai ga mota mai tambarin hukuma ta toshe lungunmu. Aka sauke gado fil a leda. Sannan babban jami'insu, Mai Girma Uban Tausayi, ya fito, farar rigarsa ta sha guga, turarensa ya riga shi isowa, masu ɗaukar hoto biyu na biye da shi. Ma'aikacin jinya kuwa ko ɗaya ba a zo da shi ba.

"Ina majinyacin?" in ji Mai Girma.

Khairiyya ta ce, "Yana sama, ranka ya daɗe. Ba ya tafiya."

"To a sauko da shi. Ƙa'ida ce, sai mun gan shi a kan gadon."

"Da dai an hau da gadon, ranka ya daɗe."

"Mamnu', an hana. Aikinmu iyakarsa ƙofar gida. Yalla, a yi sauri, muna da wasu wuraren."

Lungunmu ba ya rasa majiya ƙarfi. Akwai Zaharadden da abokansa, waɗanda suka zo umara tafiyar ta zarce da su, mutanen da ɗayansu ke saɓa firji ya hau bene yana waya. Amma ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma sun ga tambari. Na waiwaya inda suke zaune yanzun nan, sai kofunan shayi na tarar suna tururi. Wa ya rage? Ni da tumbina, da Abdulmohsen mai kanti da ciwon sukarinsa.

Muka ɗora Baba a kujerar roba muka fara saukowa, Khairiyya na tallafe da kansa tana ce mini, "A hankali, Ammu Othman, don Allah a hankali." A kwanar hawa na biyu na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ban saki ba, don in na saki, mu huɗu za a nema wa gado.

Aka shimfiɗe tsoho a tsakiyar titi, rana na dukan fuskarsa. Mai hoto ya ce, "Ya Hajji, ɗan murmushi." Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, rabin bakin ya motsa, rabin ya ƙi. Sai ɗan albarkan ya zagaya ta ɓangaren da ke motsi ya ɗauka. Wallahi na yaba da wannan ƙwarewa. Mai Girma ya danna maɓalli, gado ya tashi da Baba, ya sake dannawa ya kwantar da shi, ya ƙara ya kuma ƙara, har sai da aka samu hoton da hannunsa ya fito sosai.

Sai da aka gama ne Abdulmohsen ya dubi gadon, ya dubi bakin matakalarmu, ya ce, "Ya jama'a, wannan ai ba zai shiga ba."

Khairiyya ta ce a kwance shi gida biyu, a haɗa a sama. Mai Girma ya ce kayan hukuma ne, wanda ya taɓa ƙusa ɗaya ya yi laifi. Ta ce to a mayar a kawo ƙarami. Ya yi mata murmushin da ake yi wa yaro, ya ce, "Ai an riga an miƙa, halas, an gama. Mabruk, ina taya ki murna!" Ya shiga mota, turaren ya bi shi.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba su Zaharadden suka ɓullo, kai ka ce daga bango suka fito. Shi ya goya Baba ya hau da shi. Suka gwada gadon a tsaye, suka gwada a karkace, suka auna taga, bai shiga ba. Suka jingine shi a gindin bene suka rufa masa leda.

Da a nan aka tsaya da na yi shiru na sha maganina. Jiya aka bugo wa Khairiyya waya da murya mai daɗi, aka taya ta murna, sannan aka shaida mata cewa tunda yanzu tana da gado mai ɗaga majinyaci da kansa, ba ta buƙatar mai kama mata. An mayar da ma'aikaciyar wani gida. Hind tana wurin. Ta ce Khairiyya ba ta yi kuka ba, gyale ta ɗauka ta ɗaure ƙugu tamau, don lokacin juya Baba ya yi. Ni kam raina ya ɓaci, ɓacin da ya fi ciwon bayan nan zafi.

Daga inda nake kwance ina jin ta ta cikin daɓe. "Bismillah, Abuya, Babana, riƙe wuyana." Sai nishi, sai shiru.

Ɗazu Hind ta leƙa taga ta ce wata kyanwar lungu ta yage ledar, ta haihu a kan katifar, tana miƙe tana shayar da 'ya'yanta. Na ce Allah ya saka wa Mai Girma da alheri. Kada wani ya ce tallafin bai kai ga mai kula da iyali ba.