Cindo da Haɗin Sha Uku

A Tudun Makaɗa akwai wani mutum, Cindo. Allah ya ba shi yatsu shida a hannun dama, hankali kuwa ya tsakura masa. Matarsa Lantana mai masa ce, ita ke riƙe da gidan. Aikinsa ɗaukar lasifikar Oga Isyaku mawaƙi, burinsa a duniya ya zauna gaban fiyano.

Wata rana Oga ya zaunar da shi gaban fiyano ya ce, "Fara daga wannan maɓallin, So, ka danna ɗaya ka tsallake ɗaya. In ka danna huɗu tare, sunansa haɗin bakwai. Ƙara ɗaya, tara, sai sha ɗaya, sai sha uku. Wannan sautin ba ya zama, kunne yake ja sai an koma sautin Do." Oga bai ce a tsaya ba. Yatsu suka ƙare, Cindo ya sa gwiwar hannu, ya sa haɓa, ya sa hanci. Awakin maƙwabta suka tsinke igiya.

Wata rana kuma Oga ya ce, "Duk abin da ka gani a jere, gwada hannunka a kai." Cindo ya tarar da tandar Lantana a kan wuta, masa a jere. Ya danna ɗaya ya tsallake ɗaya. Ihunsa har kasuwa.

Wata rana aka shirya gasar makaɗa da hantsi, mai fiyanon Oga ya kwanta zazzaɓi. Oga ya ce, "Cindo, ka riƙe haɗin sha uku, kada ka saki sai na ɗaga hannu. In ka kwafsa, kai da fiyano har abada."

Waƙa ta kai ƙarshe, Cindo ya danna, sai zariyar wandon Oga ta tsinke. Oga ya cafe wando da hannu bibbiyu, yana ta ƙifta masa ido. Ina! Ai hannu aka ce. Sauti ya yi ta jan rai, alƙalai suka miƙe, wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ku sauke mu!"

Da ƙyar Oga ya ƙulle zariya ya ɗaga hannu. Cindo ya faɗa kan Do. Fili ya ɓarke da sowa, guɗar Lantana ta fi ta kowa. Kofin gasa ya zama nasu, kujerar fiyano ta zama tasa.

A hanyar gida Cindo ya ce, "Oga, don Allah gasa ta gaba ma ka sa wannan wandon."