Ƙusa Huɗu a Likkafanin Baba

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin in manta. Ita ce ranar da na buga ƙwallo a kan likkafanin mahaifina, yana da ransa, yana tsaye yana kallona. Na san maganar ba ta da daɗin ji. Ku yi haƙuri ku ji yadda aka yi, don ni ba mahaukaci ba ne, sakarai ne kawai.

Lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, ina zaune a ɗakin ƙofar gidanmu a Zango, nan Wagadugu. Sana'ata gyaran waya a wata 'yar rumfa a unguwar Dapoya, ranar da aka samu. Amma abin da na ƙware a kai da gaske shi ne ƙwallon konsol, ɗan akwatin wasan nan da ake jonawa da talabijin, a riƙe manet, wato abin sarrafa wasan, a yi ta danne-danne. (Ƙwallon gaske kuwa, minti goma in na yi a fili sai an ba ni ruwa.)

Baba tsohon ɗan kasuwar yadi ne. A kasuwar Rood Woko ya ƙare ƙuruciyarsa, har gobara ta cinye kasuwar ta haɗa da shagonsa, kuma tun daga nan bai ƙara miƙewa ba. Sai dai gidanmu bai taɓa rabuwa da yadi ba. Duk akwatin da ka buɗe sai ka ga ragowar turmi ko guntun shadda. Inna tana tace koko da shi, ni ina goge babur da shi, ba mai tambayar wani. Ku riƙe wannan, don ita kaɗai ce hujjata.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wancan". Bai taɓa yi mini faɗa a kan wasan ba. In ya wuce ƙofar ɗakina ya ji ƙato yana ihu shi kaɗai, sai ya yi gyaran murya ya wuce. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wata Asabar bayan Azahar sai ga abokina Isufu, mutumin Tawa, direban wata ƙungiya da take yawo ƙauyuka tana nuna wa mutane majigi a kan gidan sauro. Ya shigo rungume da jaka kamar mai ɗauke da jariri.

"Mon frère, yau za ka ga ƙwallo," ya ce. "Wannan tele taka kamar tagar kurkuku take. Da wannan mashin, ɗan wasa tsawonka zai yi."

Na'urar majigin ofis ce ya fito da ita, sai Litinin zai mayar. Muka jona waya, ta shiga daidai. Muka toshe taga da tabarma da bargo, ɗaki ya yi duhu. Sai dai bangon ɗakina shuɗi ne, fentin duk ya ɓare, ga tabon ruwan damina. 'Yan wasan suka fito kamar masu fama da ƙazuwa.

"Farin ƙyalle ake so," in ji Isufu. "Namu na ofis na baro shi."

Na yi dariya. A gidan mai yadi ake neman farin ƙyalle?

Inna ta tafi barka. Baba kuwa tun safe ya tafi asibiti karɓo sakamakon gwaji, tare da amininsa Malam Haruna, limamin masallacin layinmu. Watanni ke nan yana tari yana ramewa, ni kuwa ko gwajin mene ne ban tambaya ba. Na shiga ɗakinsa na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa na tarar da wani ƙunshi, an naɗe shi cikin tsohuwar sallaya, an kuma sa a leda. Na buɗe, ƙamshin turare ya buge ni. Farin yadi ne ƙal, duk ya yamutse kamar an taɓa jiƙa shi an shanya ba a yi masa guga ba.

Naɗi biyu, ga turare, ga shi can ƙasan akwati. Yaron goye ma da ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da na ce a raina shi ne, "Kai, an ci sa'a."

Yadin ya yi tsawo, sai muka ninka shi biyu. Na nemo guduma da ƙusoshi huɗu masu tsatsa, na kafa ɗaya a kowace kusurwa. Isufu, wanda bai daɗe da gama cin tsire ba, ya sa hannu ya shafe tsakiyar don ya miƙe. Yatsunsa biyar suka zauna raɗam.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, hoton ya yi kyau. Ciyawar filin kamar ka taɓa. Kafin a jima maƙwabta uku sun shigo, ana ta kururuwa. Aka kira La'asar, muka ce bari a ƙarasa wannan. Aka idar da salla muna kan ƙarasawa.

Ana kunnen doki tsakanina da Isufu, saura minti biyu, na samu fenareti. Na gyara zama, na riƙe numfashi. Daidai lokacin da zan danna, sai inuwar wani kai mai hula ta rufe ragar gaba ɗaya. Ƙwallo ta tafi sama. Ban ko waiga ba na daka tsawa:

"Kai, wane marar aikin yi ne wannan? Matsa mana da ƙaton kan nan naka!"

Ɗakin ya yi tsit, sai 'yan kallon cikin wasan da suke ta tafi abinsu. Mai hular bai matsa ba. Ya ci gaba da takowa a hankali har ya shiga tsakiyar hasken. Baba ne. Koren fili ya kwanta a kan farar rigarsa, wani ɗan wasa yana gudu a kan gemunsa. A bakin ƙofa Malam Haruna yana tsaye, riƙe da ledar nan da tsohuwar sallaya.

Baba ya taɓa yadin, ya taɓa kan ƙusa.

"Alhaji, shi ne?" Malam ya tambaya.

"Shi ne."

Malam ya juyo gare ni. "Innalillahi. Ka san abin da ka kafa a bango? Likkafanin ubanka ne."

Ban san lokacin da manet ya faɗi daga hannuna ba. Maƙwabtan nan uku suka sulale, ko takalma ɗayansu bai tsaya sawa ba. Isufu ya so ya bi su, amma mashin ɗin ofis yana nan a kunne, dole ya manne a bango yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Na jira mari. Na jira tsinuwa. Baba ya dube ni, hasken yana cikin idonsa, ya ce cikin sanyin murya:

"Kun gama? In ba ku gama ba ku ƙarasa. Likita bai ce yau ba."

Haka na ji sakamakon gwajin mahaifina.

Ya miƙo hannu aka ba shi guduma. Na taso zan karɓa, ya girgiza kai. Shi da kansa ya zare ƙusoshin, yana yi yana tari, ta huɗun ma sai da ta ɗan yagi yadin. Ya ninke shi yadda masu yadi suke yi, gefe a kan gefe, ya fita.

Da yamma Inna ta ba ni sauran labarin, tana yi tana share ido da bakin mayafi. A Makka ya saye shi, shekara guda kafin gobarar, ya jiƙa shi da ruwan Zamzam ya shanya a masaukinsu. Bayan gobara ba abin da bai sayar ba, har gadonta na aure, amma wannan bai taɓa shi ba, don ya san ba zai ƙara komawa ba. Ranar kuwa daga asibiti kai tsaye ya kawo Malam ya nuna masa inda yake.

"Ya ce kada ranar ta zo a bar maka nema," in ji Inna, "don ba za ka iya gano shi ba."

To, ga shi na gano.

Na ce a ba ni in wanke. Inna ta ce in an wanke, Zamzam ɗin fa? Washegari na durƙusa gaban Baba na ce zan je kasuwa in sayo sabo, wanda ya fi shi.

"Shekara arba'in ina auna yadi," ya ce. "Yadi kake gani na rasa?"

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ni na riƙa kai shi asibiti a babur, ina jin yadda nauyinsa yake raguwa a bayana mako bayan mako. Sau ɗaya, mun tsaya a danja, na daure na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "An ba ka hannu, tafi." Na yi kuka a kan titi ranar, na ce hayaƙin mota ne.

Wata biyar ya ƙara. Ranar da ya rasu, bayan an yi masa wanka, Malam Haruna ya warware yadin zai yayyaga. Nan na ga ramukan. An ɗinke kowanne da farin zare, ƙanana-ƙananan ɗinki irin na Baba, amma tsatsar tana nan a zagaye. Na matsa kusa na ce a hankali:

"Malam, don Allah a yanke gefen nan. Yadin zai isa."

"A'a, ya bar wasiyya," ya ce, bai ɗago ba. "Ya ce kada a yanke. Wai shekara talatin yana jira ya ga ka riƙe guduma, tunda wannan ne aikinka na farko, zai tafi da shi."

Na rasa ko dariya zan yi. Malam ya ɗago ya dube ni.

"Kuma ba 'wancan' ya ce ba. Sunanka ya kira."

Haka aka kai shi, da ramukan ƙusoshina huɗu da yatsun Isufu biyar. (Isufu ko dangin nesa ba mu haɗa da shi ba, amma ya riga ni raka Baba har ciki.)

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da na ga an naɗe sau biyu, sai na tambaya kafin in taɓa. In inuwa ta tare mini gaba, sai na waiga kafin in buɗe baki. Konsol ɗin yana nan, ba zan yi muku ƙaryar na jefar ba. Wani lokaci nakan kunna shi a 'yar talabijin ɗina, amma sai na kashe sautin gaba ɗaya. Ba don maƙwabta nake yi ba. Kunnena ne har yanzu yake bakin ƙofa, ko za a yi gyaran murya.