Mai Neman Gurbin Mayunwaci

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe wata ƙungiyar wasan daɓe ta fara tantance 'yan wasa a Gusau. Wasan ban dariya ne mai waƙoƙi, a kan shekarar da fara ta cinye gonaki a zamanin kakanni. Babban gurbi shi ne na manomi mayunwaci, wanda zai tsaya gaban rumbunsa yana rera masa waƙa. Sau uku za a tantance: Gusau, Tsafe, sannan Bungudu.

Wani ne daga Karakkai, mai sayar da taki. Tun kafin ya baro gida ya rantse wa 'yan majalisarsu cewa gurbin nan nasa ne, in bai samu ba su daina ba shi wurin zama a tabarma. Ya iso cikin shadda mai sitaci, tumbi a gaba shi yana biye, haƙorin Makka yana walƙiya.

Madam Godiya, malamar waƙa, ta taɓa piyano. Mutumin ya buɗe murya:

"Rumbuna, rumbuna, ina geron bara?
Fara ta zo da dangi, ta ci ba sallama."

Sai da kwanon rufin ya amsa. Malam Mas'udu, mai ba da umarni, ya sauke tabarau ya dube shi sama da ƙasa.

"Murya kam akwai. Amma Alhaji, manomin da fara ta cinye wa gona muke nema. Kai ka fi kama da wanda ya cinye farar."

"Tau mi za ni yi, Malam?"

"Mu a nan ba ma wasa da tarihi. Mutanen wancan zamani ba su da tumbi, ba su da haƙorin Makka."

Mutumin ya koma gida. Ya hana a sa masa mai a miya. Ya daina fura. Ya jingine babur, kullum a ƙafa yake zuwa Bungudu ya dawo. Ya je wurin mai cire haƙori ya ce a zare na Makka.

Matarsa ta ce, "Malam, ko likita ya faɗa maka wani abu kana ɓoye mini?"

Ya ce, "Ke dai ki jira ki gan ni bisa dandamali."

Bayan mako uku ya isa Tsafe, riga tana yawo a jikinsa. Aka ba shi sabuwar lamba, ba wanda ya gane shi. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya rera waƙar rumbu, muryar ta ɗan ragu.

Malam Mas'udu ya dube shi daga sama, idonsa ya tsaya a kan ƙafafunsa.

"Jiki ya yi daidai. Amma dubi diddigenka, sumul kamar na amarya. Ina faso? Manomin wancan zamani ba ya saka takalmi. Kuma har yanzu akwai sauran kumatu."

"Kumatun ma, Malam?"

"Tarihi ne, ba ni na ce ba."

Mutumin ya koma ya ajiye takalmi. Yana bin gona ba takalmi, ƙaya tana shiga yana cewa madalla. Ya binne rigarsa a bakin fadama kwana huɗu, ya tono ta. Abinci kuwa sai kunu rabin ludayi, shi ma yana sha yana shafa kumatu.

Ranar tantancewar ƙarshe ya shigo Bungudu yana dogara sanda. A bakin ƙofa wata tsohuwa ta miƙa masa ƙosai sadaka. Ya haɗiyi yawu, ya ce, "Inna, Allah ya biya, aiki nika yi."

Da aka kira lambarsa ya hau dandamali da rarrafe. Ya ce "Rumbuna," numfashi ya ƙare. Ya huta. Ya sake cewa "rumbuna," ya zauna. Madam Godiya ta bar piyano tana share hawaye. Malam Mas'udu ya miƙe tsaye yana tafi.

"Wannan shi ne tarihi! Ko kakana bai kai haka ba."

Ana cikin tafi sai ga mota ta tsaya. Alhaji Mannir ne, wanda ya ɗauki nauyin wasan, tare da ƙanin matarsa Isah. Sai da aka haɗa wa Isah kujera biyu. Ya zauna yana yagar kilishi. Alhaji ya ja Malam Mas'udu gefe, suka yi magana ta minti ɗaya.

Malam Mas'udu ya dawo ya gyara murya. "Bayan dogon nazari, gurbin manomi mayunwaci ya faɗa kan Malam Isah."

Mutumin ya ɗago sandarsa da ƙyar ya nuna. "Wanga? Da wanga ciki? Malam, ina tarihin da kunka ce?"

"Bawan Allah, wasan kwaikwayo muke yi. Shi zai kwaikwayi yunwa. Kai kuwa ta gaske ce da kai, me ya rage ka kwaikwaya?"

Mutumin ya sauke sandarsa. Ya tuna tabarmar majalisa. Ya ce, "Tau ba wani gurbi da ya saura? Ko wane iri ne."

"Saura ɗaya, na attajirin da ya ɓoye hatsi."

"Alhamdu lillahi! Ku ba ni shi in kwaikwaya."

Malam Mas'udu ya dube shi, ya girgiza kai.

"Haba, kai ma dubi kanka. Akwai wanda ya dace, mai tumbi da haƙorin Makka, ya zo mana Gusau ranar farko. Mako shida muna cigiyarsa. An ce ɗan Karakkai ne, ko ka san shi?"